3.2 Agustin na Hifo: Kiwon Ikilisiya da Aikin Rubutu

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna yadda nauyin kiwon jama'a ya tauye wa Agustin lokacin nazari da ibada, amma kuma wannan nauyin ne ya haifar da mafi yawan rubuce-rubucensa.

An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, wato Suk Ahras ta ƙasar Aljeriya a yau. Bayan da Bishof Ambros ya yi masa baftisma a Milan a shekarar 387, sai ya koma garinsu a 388 da nufin keɓe kansa tare da wasu abokai domin addu'a da karatu. Wannan buri bai cika ba. A shekarar 391 ya ziyarci Hifo, wato Annaba ta yanzu, inda jama'ar ikilisiya suka matsa har aka naɗa shi firist, yana kuka. Abu na farko da ya roƙi Bishof Baleriyus a cikin wata wasiƙa shi ne a ba shi ɗan lokaci ya nazarci Littafi Mai Tsarki kafin ya kama aiki. A wajen shekarar 395 ya zama bishof.

Aikin bishof a wancan zamani bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya bayyana cewa yakan zauna sauraron ƙararrakin jama'a har lokacin cin abinci, wani lokaci ma ya wuni bai ci komai ba. Saboda haka sau da yawa da dare yake shifta wa magatakarda littattafansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa littafinsa De Trinitate ya ɗauki kimanin shekara 20, har wasu suka ɗauke shi suka yaɗa kafin ya kammala gyara.

Sai dai idan aka dubi asalin ayyukan nasa, za a ga cewa buƙatun jama'a ne suka sa shi ɗaukar alƙalami. Wani dikon na birnin Kartaj mai suna Deogratiyas ya nemi shawara kan koyar da sababbin tuba, shi ne ya rubuta masa De Catechizandis Rudibus. Haka kuma, da dakarun Alarik suka ci birnin Roma a 410, masu bautar gumaka suka ɗora laifin a kan Kiristanci. Amsar da ya bayar ita ce De Civitate Dei, mai juzu'i 22, wanda ya fara a 413 ya gama a wajen 426. Hatta Confessiones, da ya rubuta cikin siffar addu'a, ya yi shi ne yana kan kujerar bishof, yana tona asirin zuciyarsa ga mutanen da yake jagoranta.

A shekarar 426 ya gabatar da Erakliyus a matsayin magajinsa, ya kuma tuna wa jama'a cewa sun taɓa yi masa alkawarin ƙyale shi kwana 5 a mako domin nazari, amma ba su cika ba. Da ya sami sarari, sai ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana gyara kurakuransa a cikin Retractationes. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, lokacin da dakarun Bandal suka kewaye Hifo, bayan ya yi kwana 10 a keɓe yana karanta Zaburar tuba da aka manna masa a bango.

Daga abin da ya gabata za a iya cewa keɓewar da ya nema tun 388 bai same ta sosai ba sai a gadon mutuwa. Sashe na gaba zai duba tasirin waɗannan ayyuka a kan ikilisiyar Turai.