Rumbu, Garke da Adashi: Yadda Ƙasar Ruma Ta Saba Raba Dukiyarta

Tun kafin banki ya buɗe ƙofa a birnin Katsina, magidancin ƙasar Ruma ya san abin da zai yi da rarar amfanin gonarsa, kuma abu na farko da ya sani shi ne ba a tara ta wuri guda. Wani kaso ya shiga rumbu a dammansa. Wani ya zama tunkiya a turke. In shekara ta yi albarka sosai, a sayi karsana a miƙa wa Bafillacen da aka amince da shi, ya haɗa da garkensa a bakin Dajin Rugu. Uwargida kuma tana da nata lissafin da ba ya bi ta hannun maigida: awakinta, zubin adashinta, da jeren tasoshi da kwanonin da in ta ɓaci za a iya kai wa dillaliya.

Ƙasar ce ta koya musu haka. Yankin da yau ake kira Batsari da Safana, inda Sarkin Ruma da Yariman Katsina ke hakimci, bakin iyaka ne a ƙarni na 19. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na dauri sun koma arewa sun kafa Maraɗi, kuma ta cikin dazuzzukan yammacin Katsina mahayansu suka riƙa ratsowa suna kai hari. Shi ya sa sunan Ɗanwaire, jarumin Ruma, bai ɓace a bakin mutane ba har yau. Wanda ya zauna a irin wannan wuri ba ya buƙatar a yi masa huɗuba kan cewa abin da ke wuri ɗaya a dare ɗaya ake kwashe shi.

Rabon yana farawa ne tun daga gona. Manomi ba ya shuka abu guda: gero da dawa a layi, wake a tsakani, gyaɗa a wani yankin. Gero yana nuna da wuri, ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa tana son ruwa ya daɗe. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya tsira. In ya yi jinkiri, dawa da wake su rama. Mai hali kuma yana neman gona a jigawa, ya nemi ɗan fegi a fadama don rogo, rake ko kayan miya na rani. Malaman gona na zamanin Turawa sun daɗe suna kallon wannan cakuɗa a matsayin rashin tsari, sai da masu bincike a Samaru ta Zariya, ciki har da David Norman, suka bi gonaki suka auna a shekarun 1960 da 1970, suka samu cewa gonar da aka gauraya ta fi ba da amfani mai tabbas daga shekara zuwa shekara. A Amurka kuwa, Harry Markowitz ya wallafa lissafinsa a 1952 kan cewa amfanin raba jari yana ga haɗa kadarorin da ba sa faɗuwa tare, aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Manomin Ruma bai san sunansa ba, kuma bai yi asarar komai ba da rashin sanin.

Kowane kaso da irin masifar da aka tanade shi dominta. Rumbu na yunwa ne. Waɗanda suka ga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 sun ga yadda kuɗi ke zama banza a kasuwar da babu hatsi, haka waɗanda suka ga 'Yar Gusau ta 1942, wadda ta samo sunanta daga garin da aka riƙa tafiya neman abinci. Saboda haka gidan da ya isa yana riƙe da rumbun da ba a buɗewa sai damina ta faɗi sosai. Akuya da tunkiya na buƙatar gaggawa ne: haraji, rashin lafiya, suna, ko sayen iri. Ana kai su kasuwar Batsari ranar Alhamis a dawo da kuɗi kafin la'asar. Saniya kuwa ajiyar nesa ce, ta auren 'ya'ya ko kujerar Makka, ba a taɓa ta don ƙaramin abu.

Bayar da kiwo shi ne ya fi kusa da abin da a yau ake kira asusun haɗakar jari. Mai shanu biyu ko uku ba zai iya bin su daji ba, sai ya danƙa wa makiyayi, wanda a garkensa akwai na mutum biyar ko goma. Makiyayi ya sha nono, ya sami abin da aka yi yarjejeniya a kai, mai dukiya ya jira haihuwa. Kafin a miƙa dabba sai an yi bincike: ɗan wane ne, ina mashekarinsa, shanun wa da wa ke hannunsa, in saniya ta mutu yakan kawo shaida ko kuwa labari kawai yake kawowa? Mai wayo ma ba ya ba mutum ɗaya duka. Yakan raba tsakanin garke biyu masu kiwo a wurare dabam, saboda cuta, kuma a zamanin jangali saboda idon mai ƙirga. Malaman zaure sun san makamancin wannan a fiƙihu, babin ƙiradi da ke cikin Risala, inda wani ya kawo jari, wani ya kawo wahalar juya shi, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, asarar uwar kuɗi kuma ta hau kan mai kuɗin muddin babu sakaci.

Amma garke biyu ba su hana komai ba lokacin da annobar shanu ta ratsa ƙasashen Sudan wajen 1890 zuwa 1891, ta kashe mafi yawan shanun Fulani. Ta sake dawowa da ƙarfi a 1983. A irin waɗannan shekaru, mai awaki da rumbu shi ya tsaya da ƙafarsa.

Gyaɗa ta zo da nata darasin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya kamfanonin Turawa suka fara sayen gyaɗa da farashin da ya ruɗi manoma, aka yi shekaru sittin ana gina dalar gyaɗa. Gyaɗar ce ta biya haraji, ta sayi keke da rediyo da kwanon rufi. Sai fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Gidajen da ba su taɓa barin gyaɗa ta cinye gonar gero ba su ne suka fi saurin farfaɗowa.

Adashi bai kamata a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba ya haihuwa. Abin da mace ta zuba shi za ta kwasa, wani lokaci ma da ɗan ragi na uwar adashi. Amfaninsa shi ne ya raba mutum da kuɗinsa kafin buƙatun yau da gobe su cinye, ya mayar da ƙananan zubi dunƙule guda da zai sayi akuya ko keken ɗinki. A shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100, kamar ƙarshen 2024, wadda kwasarta ta zo ƙarshe ta yi asara ko da ba a ci mata ko kwabo ba.

Raunin wannan tsari duka bai fito fili ba sai a shekarun nan. Gona, rumbu, turke, garke da uwar adashi, duk a ƙasa ɗaya suke, tafiyar yini ɗaya ta haɗa su. An raba su ne saboda fari da cuta da faɗuwar farashi, waɗanda ba kasafai suke zuwa tare ba. 'Yan bindiga kuwa tare suke cin su. Satar shanu ta fara da garken da ke daji, ta biyo shanun huɗa har cikin gida, daga nan aka hana noman gonakin nesa, kuɗin fansa ya lashe abin da ke ɗaki. A watan Fabrairun 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, aka kashe mutum 30, aka ƙone gidaje da dabbobi da abinci. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana. Tunkiyar da aka ajiye don ranar gaggawa ta rasa inda za a sayar da ita a daidai ranar da gaggawar ta zo.

A nan ne asusun haɗakar jari na zamani yake da abin da rumbu ba shi da shi, wato nisa. Dubban mutane ne ke zuba kuɗi, kamfani mai rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar jari, ya juya su, wani banki dabam ya riƙe kadarorin, kuma da 'yan dubban naira ana shiga. Ga wanda ba ya son kuɗin ruwa, kamfanin Lotus Capital ya buɗe asusun halal tun 2008, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017, aka zuba a gina hanyoyi. Akwai asusun da ke sayen hannun jarin kamfanoni, mai hawa da sauka; akwai na sukuk, mai tafiya a hankali; akwai wanda ake iya cire kuɗi cikinsa a 'yan kwanaki. Tambayoyin da ake yi wa makiyayi su ne dai za a yi wa manajan asusu: wa ya san shi, nawa yake cira a shekara, ina yake kai dukiyar, kwana nawa kafin ya maido ta in an nema.

Sai dai takarda ma tana da annobarta. Bayan da gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, an yi ta tallar hannun jarin bankuna har a garuruwan Arewa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka saya. Da yawa sun ɗauka sun raba ƙafa tunda sun sayi na banki huɗu ko biyar. Kasuwar ta kai ƙololuwa a Maris 2008, cikin shekara guda ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta, bankunan suka faɗi tare, har magajinsa, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin biyar daga cikinsu a Agustan 2009. Asusu uku da duk abu ɗaya suke saye ba su fi asusu ɗaya ba. Ban da wannan ga 'yan damfara irin MMM, da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, waɗanda suka sa mutumin karkara yake jin kalmar zuba jari ya kama aljihunsa, kuma da wuya a ga laifinsa.

Nisan ma yana da sharaɗi. Shiga irin wannan asusu yana buƙatar lambar BVN, asusun banki da waya mai sabis. A Satumbar 2021, 'yan kwanaki bayan hana cinikin dabbobi, aka katse layukan sadarwa a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda tsaro. Masu POS suka naɗe tabarma, mai kuɗi a banki ya koma shiga mota zuwa birnin Katsina kafin ya taɓa ko naira ɗaya, sai a watan Disamba aka fara maido da sabis ɗin.