Marisuwa: Murar Da Ta Biyo Jirgin Ƙasa Ta Iske Kakanninmu

 Duk shekara idan hunturu ya gangaro daga Arewa ya iso mana nan Ibadan, ko da yake kafin ya iso ya gaji, ba shi da kaifin na Kano ko Katsina, sai ka ji masallaci ya ɗauki tari tun daga sahun farko har na ƙarshe. Wannan atishawa, wancan kaki, yara kuwa hanci na zuba. Mu kan ce ai mura ce, ta shekara-shekara. Amma tun daga zamanin korona wata gardama ta shigo majalisunmu ta ƙi fita. Wasu na cewa takunkumin rufe baki da hanci da allurar rigakafi su ne maganin abin, wasu kuma na cewa duk kasuwancin Turawa ne. Mun ga ya dace kafin mu ci gaba da ɗaga wa juna murya mu waiwaya baya tukuna, domin wannan gardama ta girmi duk wanda ke zaune a unguwar nan yau.

A shekarar 1916 aka kafa Sabo. Kafin nan Hausawan Ibadan a cikin gari suke, galibi wajen Oja Oba, a gidajen Yarbawa. Abin da ya tara su kuwa sananne ne, goro da shanu. A 1912 layin dogo ya haɗe Ikko da Kano, tafiyar da fatake ke kwashe makonni suna yi a ƙasa ta koma ta 'yan kwanaki. Shanu su gangaro, huhunan goro su haura. Baƙo ya sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki tare da sauran baƙi, ya sayar, ya saya, ya koma. Wannan hanya ita ce arzikinmu. To ita ce kuma hanyar da annoba ta biyo, unguwar tana da shekara biyu kacal a duniya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ƙare ba tukuna, jiragen ruwa na ta jigilar soja da kaya tsakanin Turai da gaɓar tekunmu. A watan Agusta na 1918 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Ma'aikatan da suka loda masa gawayi suka kwashi ciwon suka shiga da shi gari. Daga Saliyo ya faɗa ƙasar da muke kira Gana a yau. Ranar 14 ga Satumba wani jirgin mai suna Bida ya iso Ikko da fasinjoji masu zazzaɓi da tari. Hukuma ta yi ƙoƙarin killace su, amma aikin gama ya riga ya gama.

Gwamnatin mulkin mallaka ta rufe makarantu da coci-coci da masallatai, ta hana taro, ta sa ma'aikatan tsabta suna bi gida-gida suna feshi suna neman masu ciwo. Nan fa aka sami akasi. Mutane suka tsorata da wannan bincike fiye da yadda suka tsorata da ciwon, suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu, masu hali kuma suka tsere daga Ikko, wasu ta jirgin ƙasa, wasu ta kwalekwale, wasu a ƙafa. Kowa ya gudu da guzurin ciwon a ƙirjinsa bai sani ba. Farkon Oktoba ya shiga Abeokuta, bayan 'yan kwanaki ga shi a Ibadan. Daga nan ya bi dogo tasha-tasha ya haura Arewa, ya bi Kwara da Binuwai ta jiragen ruwa, kafin shekara ta ƙare babu lardin da bai leƙa ba.

A Ikko kaɗai, garin da mutanensa ba su wuce 82,000 ba a lokacin, an rasa kimanin 1,200. A ƙasa baki ɗaya masana tarihi na ƙiyasta mutum 500,000 daga cikin miliyan 18. A duniya kuwa ana maganar miliyan 50, wato fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne irin waɗanda take ɗauka. Murar da muka sani tsoho take kayarwa da jariri. Wannan kuwa majiya ƙarfi ta fi so, 'yan shekara 20 zuwa 40, masu noma da dako da kora shanu da shayar da goyo. Mutum ya yi sallar asuba garau, kwana biyu ko uku huhu ya cika da ruwa, shi ke nan.

Kowace ƙabila ta raɗa mata suna. A Arewa aka ce marisuwa. Maƙwabtanmu Yarbawa suka ce lukuluku. A ƙasar Ibo har sa'o'in haihuwa aka riƙa kira da sunanta. Turawa suka ce murar Sifen, alhali ba can ta faro ba. Sifen ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka jaridunta ke buga labarin ba tare da soja sun tace ba, sai sunan ya manne mata. Ta bar tabo har a wuraren da mutum ba zai zata ba. A Ijebu-Ode, nan kusa da mu, cikin wannan annoba ne wata ƙungiyar masu addu'a ta tashi, wadda tana cikin tushen cocin Aladura da muke ganin mabiyansu da fararen riguna. Wani masanin tarihi kuma, Don Ohadike, ya rubuta a 1981 cewa a yankin Anaca rashin majiya ƙarfi ne ya sa mutane suka karkata daga doya, mai son wahala, zuwa rogo wanda mace da yara ma za su iya nomawa. Idan haka ne, ashe garin kwakin da muke jiƙawa da ƙuli yana da alaƙa da marisuwa.

To ina labarin takunkumi a wancan zamani? Wannan sai mun tsallaka Amurka, domin can aka gwada shi da ƙarfin doka. A birnin San Faransisko, cikin Oktoban 1918, aka wajabta wa kowa ɗaura ƙyallen bandeji a baki da hanci, wanda ya ƙi a ci shi tarar dala 5, wasu har gidan waƙafi. Ciwo ya lafa, aka janye dokar a Nuwamba, mutane suka yi ta jifa da ƙyallayen a titi don murna. Ciwo ya dawo, aka maido da doka a Janairun 1919, sai ga jama'a sun kafa ƙungiya sukutum ta masu adawa da takunkumi, suna taro suna cewa an tauye musu 'yanci. Kun ji fa, shekara ɗari kafin korona. Da likitocin jihar suka zauna suka duba lissafi daga baya, ba su ga wani babban bambanci tsakanin garuruwan da suka ɗaura da waɗanda ba su ɗaura ba. Amma sun faɗi dalili. Ƙyallen shara-shara ne, kuma mutane kan ɗaura shi a titi inda ɗan sanda zai gan su, su cire da zarar sun shiga ɗaki cikin jama'a, inda nan ne ainihin wurin kamuwa. Wanda ya ga yadda muka riƙa rataya namu a haɓa a 2020, sai mun hango shingen 'yan sanda mu ja shi sama, ba zai yi wa mutanen San Faransisko dariya ba.

Allura ma an yi a 1918, kuma ba ta yi aiki ba, don kuwa likitocin lokacin ɓarawon da suka kama ba shi ne ya yi satar ba. Sun ɗauka wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo mura, suka haɗa allurarsu a kanta. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan suka gano cewa bairos ce, wata ƙwaya mai ƙanƙantar da madubin likita na wancan zamani ba ya iya gani. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Kafso ɗin nan da muke aika yaro kemis ya sayo da zarar mura ta kama mu, ja da yalo ko ja da baƙi, bakteriya yake kashewa. Bai san bairos ba, bairos ba ta san shi ba. Sai fa idan murar ta buɗe wa ciwon huhu ƙofa, wannan kuma likita ne zai faɗa.

Allurar mura ta gaskiya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka samo ta, aka fara da sojojin Amurka, aka ba ta lasisi a 1945. Murna ba ta daɗe ba. A 1947 aka yi wa mutane ita, mura ta zo ta kama su kamar ba a yi ba. Nan aka gane halin wannan ƙwaya: sauya riga take yi. Jiki ya gane ta bana da farar riga, baɗi ta dawo da shuɗiya ta wuce mai gadi. Shi ya sa tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyoyi a ƙasashe suna bin sawunta, kuma sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, masana ke zama su yi hasashen irin da za ta fito da shi, a haɗa allurar a kan wannan hasashe. Wani lokaci su dace, wani lokaci su kuskure. Wani lokaci kuma ƙwayar ta sauya kamanni gaba ɗaya, kamar yadda ta yi a 1957 da 1968 da 2009, ta zagaye duniya.

Saboda haka mai cewa an yi masa allura amma ya yi mura ba ƙarya yake ba. A shekarar da hasashe ya dace, allurar kan rage zuwa asibiti saboda mura da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ne, ba ɗari bisa ɗari ba. Ga shi kuma ba duk abin da muke kira mura ne wannan mura ba. Kalma ɗaya gare mu, amma ƙwayoyin da ke sa atishawa da yoyon hanci sun fi a ƙirga, allurar kuwa iri ɗaya ta sani, wato mai zuwa da zazzaɓi farat ɗaya da ciwon gaɓoɓi, wadda sau da yawa mukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. A ganinmu rabin kariya ga tsoho mai ciwon suga ko mai asma ba abin rainawa ba ne. Kuma ba a Turai kaɗai aka gwada ba. A Bamako ta ƙasar Mali, tsakanin 2011 da 2014, an yi wa mata masu juna biyu fiye da 4,000 gwaji, aka tarar jariran waɗanda aka yi wa allurar mura sun sami kariyar kusan kashi biyu cikin uku a watanni huɗun farko, daga nan ta fara raguwa.

Shi takunkumi har yau masana ba su gama daidaitawa a kansa ba, kuma gara mu faɗi haka da mu ɓoye. A Janairun 2023 ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitoci su auna, suka fitar da rahoto a kan bincike 78, suka ce raba wa jama'a takunkumi bai nuna wani bambanci a fili ba wajen yaɗuwar mura. Masu adawa suka yi ta shewa. Bayan 'yan makonni babbar editar ƙungiyar ta fito ta ce an yi wa rahoton gurguwar fahimta, abin da ya nuna shi ne ba a kai ga tabbaci ba, musamman da yake da yawa daga cikin waɗanda aka ba takunkumin ba su ɗaura shi yadda ya kamata ba. Maganar 1918 ce ta dawo. A ɗaya gefen kuma ga abin da duniya ta gani da idonta: a 2020 da 2021, da aka haɗa takunkumi da rufe iyakoki da rage taro, murar shekara-shekara ta kusa ɓacewa, har wani reshe nata da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris na 2020. Ba takunkumi kaɗai ya yi wannan aiki ba, amma yana cikin ma'aikatan. Abin da muka fahimta shi ne ya fi amfani a fuskar mai tarin kansa, cikin ɗaki ko mota, fiye da a fuskar mai lafiya yana tafe shi kaɗai a titin Mokola.

Masu cewa duk wannan rashin tawakkali ne, malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da mutanen Ikko na 1918 sun zauna inda suke, wa ya san ko da ciwon bai yi saurin da ya yi ba.

Yau ba jirgin ƙasa ke kawo mana baƙi ba, tirela ce da bas, kwana ɗaya daga Kano ko Sakkwato. Amma zaman bai sauya sosai ba: baƙi a ɗaki guda, tabarma kusa da tabarma, taga a rufe saboda sauro. Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta, sai dai mutum ya nema a asibiti ya biya. Inda ta fi zuwa mana kusa shi ne aikin Hajji, domin hukumar lafiya ta Saudiyya na shawartar maniyyata su yi ta, musamman tsofaffi da masu ciki da masu ciwon da ya daɗe, kuma duk wanda ya taɓa tarbar alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi. Jiki na bukatar kamar mako biyu kafin allurar ta kama, don haka maniyyacin da ya yi niyyarta kada ya bari sai an kira jirginsu a sansanin alhazai.