Yadda Taurin Sitiyari Ya Zama Ciwo

A farkon ƙarni na ashirin, ba a kai mota gareji don sitiyarinta ya yi tauri, domin haka aka ƙera ta. Damtsen direba ne ke juya tayoyin gaba, kuma mai tuƙa babbar motar kaya sai ya yi gumi kafin ya sha kwana. Abin da makanike ke farauta a lokacin shi ne sako-sako: ya ɗaga gaban mota, ya girgiza taya da hannu biyu, ya gano mahaɗin da ya cinye.

A 1926 wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya nuna sitiyarin da matsin mai ke taya shi juyawa. Kamfanin General Motors ya duba, ya ce abin ya yi tsada. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya farfaɗo da dabarar, saboda nauyin motocin soja, kuma a 1951 Chrysler ya sa ta a motarsa Imperial. Daga nan tauri ya zama alamar cuta, kunne kuma ya zama kayan aiki. Kukan famfo idan an karya sitiyari yakan nuna mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Ƙara mai kaifi kuwa bel ne ya saki.

Sitiyarin lantarki, wanda Suzuki ya fito da shi a motar Cervo a 1988, ya kawar da famfo da mai gaba ɗaya. Ya rage shan fetur, amma ya raba alama da mazaunin cuta. Raunin batir kaɗai na iya taurara sitiyarin da lafiyarsa ƙalau.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a motar Chevrolet Cobalt. Direbobi sun yi ta ƙorafin cewa ana cikin gudu sai injin ya mutu, sitiyari ya ƙage. Laifin yana ramin makulli: ɗan ƙarfen da ke riƙe makulli a mazauninsa ba shi da ƙarfi, har nauyin tarin makullai ko gargadar hanya kan murɗa shi baya. Da zarar ya murɗe, taimakon sitiyari ya ɗauke, jakar iska ma ba za ta buɗe ba idan an yi karo.

Abin takaicin shi ne an san da matsalar. A 2005 General Motors ya shawarci dillalansa su gaya wa masu mota su rage kayan da ke rataye da makulli. A 2006 aka sauya ƙarfen ba tare da sauya lambarsa ba, lamarin da ya ɓatar da masu bincike shekaru. Sai a 2014 aka janye motoci kusan miliyan 2.6, kuma asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124.