Rashin Laifi da Ƙauna da Zalunci: Nazarin Jigo a Shaihu Umar da Jiki Magayi da Waƙar Auren Dole

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi jigogi uku, wato rashin laifin ƙuruciya da ƙauna da zalunci, a cikin Shaihu Umar da Jiki Magayi da waƙar Ɗan Maraya Jos ta Auren Dole. Ta hanyar bin zubin labari da lura da wanda aka ba bakin magana, an kafa hujja cewa marubutan farko sun ɗauki yaro ma'aunin zalunci, amma suka bar mace, wadda wahalar ta fi sauka a kanta, ba ta da ta cewa.

Gabatarwa

A shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da malamai su rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko, galibin waɗanda suka amsa kiran mutane ne da suka fara shan ilmin allo da fiƙihu tun gabanin su san aji, saboda haka mizanin da suka auna nagarta da mugunta da shi na shari'a ne. A wannan mizani kuwa, yaro bisa fiɗira ake haihuwarsa, ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa zunubi sai ya balaga; duk wata masifa da ta same shi daga hannun mutane, alhakinta na wuyan wani baligi. Marubucin da ke son ya bayyana munin zalunci ba tare da doguwar hujja ba, ya ishe shi ya ɗora shi a kan yaro.

Ɗan da aka sace da uwar da aka sayar

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, ya gina Shaihu Umar bisa bakin wani babban malami, Umar, da ke zaune a Rauta yana ba almajiransa labarin asalinsa. Zalunci ya fara ne a fada, inda fadawa suka yi wa Makau, mijin uwar Umar, hassada da ƙazafi har aka kore shi daga gari; daga nan gida ya watse, aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama abin kwatance cikin malamai.

Abin da ya cancanci tsayawa a nan shi ne, alhali bauta ta zama wa ɗan tsani zuwa ga ilmi da daraja, ita uwar, wadda ɗiya ce ba baiwa ba, wadda kuma ba abin da ya fitar da ita daga ɗakinta face ƙaunar abin da ta haifa, wannan ƙaunar ce wani maha'inci ya kama ta da ita, ya yi mata alkawarin kai ta wurin ɗanta, ya ƙetare hamada da ita, ya sayar. Ta rame, ta lalace a gidan ubangijinta, kuma ran da Allah ya hukunta saduwarsu, ba ta daɗe ba ta cika. Mai karatu yakan fita daga littafin da yaƙinin cewa ƙaddara ta yi wa Umar kyakkyawan ƙarshe, amma in ya sake lissafi zai tarar farashin shaihuntakar nan uwa ce ta biya shi da ranta.

A ganina littafin ya yi wa Abdulkarim sassauci fiye da kima, domin duk kirkinsa falken bayi ne, kuma alherin da ya yi wa yaro ɗaya bai kankare ayarin da yake korawa cikin rairayi ba. Sai dai adalci ne a tuna da zamanin. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara ne kawai, ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, wato marubucin yana rubutu ne a tsakiyar mutanen da suka ga kasuwar bayi da idonsu, waɗansu suka saya, waɗansu aka saye su. Abin da ya tsananta a kansa shi ne bautar da ɗa Musulmi, mas'alar da malamai irin su Ahmad Baba na Tambutu suka yi fatawa a kanta tun 1615. Asalin cinikin kuwa ya bar shi ga hukuncin mai karatu.

Mazlumi ya koma azzalumi

Jiki Magayi, na John Tafida da East, ya juya al'amarin ta wata fuska. Abubakar da Zainabu suna son juna, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta, saurayin kuwa, maimakon ya kai ƙara ko ya mayar da lamarinsa ga Allah, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, kuma da ya samu bai jefi wanda ya cuce shi ba, ya jefi jaririn da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. A nan rashin laifin yaro ne kaɗai ke hana mai karatu ci gaba da tausayin Abubakar, domin ƙa'ida ce tabbatacciya cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Ita Zainabu fa? Labarin ya bi tafiye-tafiyen Abubakar da ɓarnar Kyauta filla-filla, ita kuwa, wadda ta rasa masoyi, ɗanta ya lalace a gabanta, aka kashe mata miji, an bar ta a gefen fage.

Kuntigi ya cike giɓi

Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, bai tsaya ga yabon masu mulki kamar makaɗan fada ba. Da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata jawabi. A waƙar Auren Dole ya tsaya a ɓangaren yarinyar da aka ɗaura wa aure da wanda ba ta so, ya dangana laifin ga iyaye. Wannan kuwa ba ƙaramar jarunta ba ce a ƙasar da ake karanta Risala, inda mazhabar Malikiyya ta ba uba haƙƙin ijbari a kan budurwarsa, ko da yake fuƙaha'u sun gindaya sharaɗin kada a cutar da ita, sharaɗin da kwaɗayin abin hannun mai nema ya sha mantar da iyaye. Azzalumin a nan yana cikin gida, da sunan ƙauna yake aikatawa, wadda ake zalunta kuma kunya da biyayya sun ɗaure mata harshe. Makaɗin ya ara mata nasa, rediyo ya kai maganar har cikin ɗakunan da littafi bai taɓa shiga ba.

Duk da haka, namiji ne ke magana a madadinta. Muryar matan da kansu tana cikin waƙoƙin niƙa da daɓe da raino da na kai amarya, inda ake faɗa wa miji da kishiya da uwar miji abin da ba a iya faɗa a tsakar gida, kuma injin niƙa da siminti sun riga sun ɗauke ayyukan da ake rera da yawa daga cikinsu. Wajibi ne sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai, musamman mata, su naɗo waɗannan waƙoƙi daga bakin tsofaffi tun suna da rai.