Sufurin kwale-kwale a madatsun ruwan Kano: iska, lodi da alhakin hukuma

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni zai iya shafe shekaru bai ga kwale-kwale ba, amma rayuwarsa a ɗaure take da manyan madatsun ruwan jihar. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke ciyar da Kogin Kano, inda matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan da ake turo wa birni. Shi ne kuma ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, waɗanda tumatir da albasarsu ke isa kasuwar Tarauni. Ban da Tiga akwai Challawa a Ƙaraye, da aka kammala a 1992, da Watari a Bagwai.

Madatsun sun raba ƙauyukan da a dā ƙafa ke haɗa su. Saboda haka kwale-kwale ya zama hanyar cin kasuwa da sada zumunci: biki, suna, ta'aziyya da maulidi. Jiragen na katako ne, wasu ana tuƙa su da filafili, wasu an ɗaura musu inji.

Yanayi na da nasa haɗarin. A farkon damina hadari kan taso da guguwa cikin ɗan lokaci, iska ta tayar da igiyar ruwa a sararin da babu abin da zai tare ta. A hunturu kuwa hazo kan rufe gaɓa, matuƙi ya kasa hango kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Jirgin da aka cika maƙil, bakinsa na dab da ruwa, ƙaramar igiya ta isa ta kifar da shi.

Sai dai ba kullum iska ce mai laifi ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, damina ta riga ta wuce, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya nutse a Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa maulidi, kuma hukumomi sun ɗora alhakin a kan lodin da ya wuce kima. A watan Mayun shekarar, wani jirgin ya dare a Kogin Neja kusa da Warrah ta jihar Kebbi, fiye da mutum 100 suka ɓace.

Kula da hanyoyin ruwan cikin gida aikin hukumar NIWA ne, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lokoja. Ƙa'idojinta sun haramta tafiyar dare da lodin wuce kima, sun kuma wajabta wa kowane fasinja rigar kariya. A bakin ruwa kuwa, sau da yawa Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙa ne kaɗai idon da ke kan jirgi.

Ga mai bibiyar kasafin kuɗi, tambayoyin a fili suke: rigunan kariya nawa aka saya kuma suna hannun wa, wa ke ƙidaya fasinja a mashiga, kuma yaushe ƙauyukan da dam ya yanke za su samu titi ko gada. Hadari ba ya neman izinin kowa, amma yawan mutanen da jirgi zai ɗauka hukunci ne na ɗan Adam.