Cin Rani da Karatun Yara a Ƙasar Matamaye

Garin Matamaye, wanda shi ne babban garin gundumar Kance a kudancin jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura, kuma wannan matsayi ya sa tarihin iyalan yankin ya daɗe a haɗe da tarihin fita waje. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wadda aka kafa alamunta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908, ta mayar da ziyarar dangi a Daura ko Zango tafiya ƙasar waje a idon hukuma, alhali mutanen da ke ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna kuma auren juna.

Tsohon salon fitar shi ne cin rani, wato barin gida bayan girbi domin neman kuɗi da rage bakin da ke cin rumbu, sannan a komo kafin ruwan shuka. A wannan tsari maza ne ke tafiya, su yi ga-ruwa ko dako ko ƙwadago a Kano da sauran biranen kudu, mata da ƙananan yara kuwa su zauna a cikin gandu, wato babban gidan da ƴan'uwa ke noma gona ɗaya a ƙarƙashin maigida. Yaran da ke ƙetare iyaka a wancan zamani almajirai ne da iyayensu suka danƙa wa malami, ya tafi da su tsangaya da rani, su yi tilawa da asuba da dare, su yi barar abin da za su ci a gidajen unguwa, su dawo noma da damina. Rayuwa ce mai wuya, kuma ba kowane malami ne ya riƙe amana ba, amma dalilin tafiyar yaron karatu ne, kuma idan ya dawo abin da ake tambaya shi ne izu nawa ya kai.

Makarantar boko, wadda mutanen Nijar ke kira lakwal, ta zo da wani lissafin lokaci dabam. Karatun firamare shekara shida ne cikin Faransanci, ana buɗewa a watan Oktoba a rufe a watan Yuni, ma'ana zangon karatu ya faɗo daidai kan watannin da al'ada ta ware wa tafiya. A zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake ɗaukar yara lakwal ta hannun sarakuna, tura yaro almajiranci Najeriya na daga cikin hanyoyin da iyaye ke bi don kauce mata. Abin da ya ɗan tsayar da iyalai a gida a tsakiyar ƙarni na 20 shi ne gyaɗa, domin Matamaye da Magarya sun kasance manyan kasuwanninta, har aka kafa masana'antar matsar mai a Matamaye, kuma daga 1962 kamfanin gwamnati na SONARA ya riƙe cinikinta. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da kaka yana iya biyan haraji, ya yi wa iyali sutura, ba tare da ya kwashe rani duka a waje ba. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun karya wannan ginshiƙi, kuma bai sake miƙewa kamar da ba.

Bayan haka matsi ya taru ta fuskoki da yawa. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 400,000 a gundumar Kance, wadda ke cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, kuma rabon gado daga tsara zuwa tsara ya daddatsa gonaki har abin da gida ke girbewa ya daina kai shi wata damina. Gandu ya watse zuwa ƙananan gidaje, nauyin da dangi ke tarayya a kansa ya koma kan miji da mata su kaɗai, wani lokaci ma kan mace ita kaɗai idan aure ya mutu ko miji ya daɗe bai aiko ba. Ƙofar kudu ita ma ta ƙuntata, tun daga korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983 da rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, har zuwa faɗuwar darajar naira da rikicin Boko Haram, yayin da yaƙin 2011 ya dawo da dubban ƴan Nijar daga Libiya hannu wofi.

A cikin wannan hali ne, musamman bayan ƙarancin abinci na 2005, mata suka fara kama hanyar arewa da ƴaƴansu, ta Agadas da Arlit zuwa Tamanrasat, wasu har biranen bakin teku na Aljeriya. Wannan shi ne sauyi mafi girma a tarihin fitar yankin, domin yaro ya tashi daga wanda ake bari a gida ko ake turawa neman ilmi, ya zama jarin tafiyar kanta, tunda mai ba da sadaka ya fi tausaya wa mace mai goyo da ƙananan yara. Har ta kai ana aron ƴaƴan dangi bisa alkawarin raba abin da aka samo. Kuɗin na tafiya ne wajen sayen hatsi, da fansar gonar da aka jinginar, da kayan ɗakin ƴa mace, da biyan biki, wato gudummawar da mata ke kai wa juna wadda dole a rama ta, kuma duk wanda ya san nauyin waɗannan a kan uwa ba zai yi saurin zarginta ba. Sai dai yaron da ke can ba ya zuwa makarantar Aljeriya, saboda ba shi da takardun zama kuma yininsa na bara ne, ba ya kuma gaban malamin allo, don haka ya rasa karatun biyu a shekarun da suka fi dacewa da koyo.

A watan Oktoba na 2013, daidai lokacin buɗe makarantu, aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga wannan yanki. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Daga Disamba na 2014, bisa fahimtar juna tsakanin ƙasashen biyu, Aljeriya ta fara maido da ƴan Nijar cikin ayarin motoci ta garin Asamaka, a 2015 kuma Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba na 2023. Matakan sun sauya hanyoyi fiye da yadda suka rage tafiyar, domin a 2022 sai da gwamnati ta kwaso ɗaruruwan mata da yara daga Dakar da Akara, da yawansu ƴan Kance da Magarya.

Matsalar da ta rage wa makarantun yankin ita ce ta yaron da ya dawo a tsakiyar shekara, ya girmi ajin da ya bari, ya manta ɗan Faransancin da ya koya, ya kuma saba da riƙe kuɗi a hannu. Kwamitocin kula da makaranta da ƙungiyoyin iyaye mata su ne ke bin gidaje don maido da irin waɗannan yara, akwai kuma azuzuwan gaggawa na kimanin wata tara, inda ake fara karatu da Hausa kafin a koma Faransanci, sannan a shigar da yaro ajin da ya dace da shi. Ciyar da ɗalibai a makaranta ya fi kowane mataki kusantar tushen lamarin, tunda abincin rana na rage wa uwa ɗaya daga cikin dalilan tafiya, amma yawancinsa ya dogara ne da tallafin ƙungiyoyin waje, kuma bai kai ga dukan ƙauyukan gundumar ba.