Jinja Biya: Tarihin Lemon Citta na Turawa

Jinja biya abin sha ne mai kumfa da yaji, wanda ake haɗawa da citta da sukari da ruwa da ɗan lemon tsami. Asalinsa daga Ingila ne, kuma galibin marubuta tarihinsa suna danganta farkonsa da yankin Yorkshire a tsakiyar ƙarni na 18. A wancan lokaci tsima shi ake yi, saboda haka yana da barasa a ciki. Yau kuwa mafi yawan wanda ake sayarwa a kwalba lemo ne kawai.

Ita kanta citta ba shukar Turai ba ce. Daga kudu maso gabashin Asiya ta fito, fatake suka kai ta Rum tun zamanin da, sannan a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka tsallaka da ita tsibiran Karibiyan, inda ƙasar Jamaika ta karɓe ta. Bayan da Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, citta da sukarin rake, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka suke nomawa, suka riƙa shiga tashoshin jiragen ruwan Ingila, har suka yi arahar da talaka zai iya saya. Arahar nan ita ce ta haifi jinja biya.

A gida aka fara yin sa. Akan dafa dakakkiyar citta da sukari, a bari ta huce, a zuba yis, a ɗura a kwalba a toshe. Cikin 'yan kwanaki yis ɗin ya ci sukari, ya fitar da iska da barasa. Iskar kan taru ta yi ƙarfin da za ta fasa gilashi marar kauri, shi ya sa aka fi amfani da kwalaben yumɓu gasasshe, a ɗaure marfin da zare ko waya. A ƙarni na 19 da wuya a sami garin Ingila da ba shi da masu yin sa, kowa da sunansa a jikin kwalbarsa. Waɗansu gidaje kuma ba da yis na kasuwa suke tsimawa ba. Suna da wasu 'yan dunƙule masu santsi da suke rayawa a cikin tulu, suna ba su sukari da citta, in sun hayayyafa a ɗebar wa maƙwabci. A 1892 masanin tsirrai Harry Marshall Ward ya nuna cewa dunƙulen nan yis ne da wata ƙwayar bakteriya suke zaune tare, kowanne yana amfanar ɗan'uwansa.

Haraji ne ya fara rage masa ƙarfi. A 1855 dokar harajin barasa ta Birtaniya ta ƙayyade cewa abin shan da barasarsa ta wuce kashi 2 cikin ɗari sai an biya masa kuɗin giya, sai masu sana'ar suka gwammace su sassauta shi. Masana'antu suka ƙarasa aikin, domin sun gano ba sai an jira tsimuwa ba: ana iya haɗa ruwan citta da sukari a cusa masa iskar gas da inji. Daga wannan hanya ne ƙanensa ya fito, wato jinja el, wanda ya fi shi haske da sauƙin yaji. Thomas Cantrell ya fara sayar da shi a Belfast a shekarun 1850, kuma a 1904 wani mai haɗa magunguna a Toronto, John McLaughlin, ya fitar da Canada Dry.

Akwai wurin da jinja biya ya bar tarihin da ya fi na shan sa nauyi, wato kotu. Ranar 26 ga Agusta 1928 wata mata, May Donoghue, ta shiga wani shagon shan shayi a garin Paisley na Sikotland, aka saya mata kwalba ɗaya. Kwalbar baƙa ce, ba a ganin cikinta. Bayan ta sha wani abu daga ciki, da aka juye ragowar, ta ce sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo, ta kuma kamu da ciwon ciki. Tun da ba ita ta biya kuɗin ba, ba ta da cinikin da za ta kafa hujja da shi, sai ta kai ƙarar David Stevenson, mai masana'antar. A 1932 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke da rinjayen alƙalai uku a kan biyu cewa duk mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar wanda kayan za su kai gare shi, ko da babu ciniki a tsakaninsu. Hukuncin da Lord Atkin ya rubuta ya zama tushen dokar sakaci a ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, har da Nijeriya da Gana, inda ɗaliban lauya suke karanta shi har gobe. Ba a taɓa tabbatar da dodon koɗin a gaban alƙali ba, domin Stevenson ya rasu, magadansa kuma suka sasanta a wajen kotu.

Komawar jinja biya cikin barasa a Amurka ta faru, kuma kasuwanci ne tsantsa ya kawo ta, wato kasuwancin bodka. Bodka farar barasa ce ta Rasha da Poland wadda ake tacewa daga hatsi ko dankali. Gidan Smirnov na Mosko ya watse bayan juyin juya halin 1917, sunan ya bi hannu har ya isa jihar Connecticut, inda John G. Martin na kamfanin Heublein ya saye shi a 1939. Amurkawan lokacin wiski suka sani, Smirnoff ta ƙi sayuwa. Abokin Martin, Jack Morgan, mai gidan cin abinci na Cock 'n' Bull a Los Angeles, shi ma yana da nasa kwantan: jinja biya da yake yi da sunan gidansa. A wajajen 1941 aka gama kwantai biyun a kofi ɗaya, aka matsa lemon tsami, aka zuba ƙanƙara, aka raɗa masa suna Moscow Mule, wato alfadarin Mosko. Ruwayoyi sun saɓa a kan wanda ya fara haɗawa. Wata ta ce a otal ɗin Chatham na New York aka yi. Wata ta ce Wes Price ne, mai haɗa abin sha a gidan Morgan, da yake neman rage kayan da suka cika masa ɗakin ajiya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dabarar tallar Martin. Da kyamarar Polaroid ta fito a ƙarshen shekarun 1940, sai ya riƙa bin mashaya yana ɗaukar masu haɗawa hoto, kofin jan ƙarfe a hannu ɗaya, kwalbar Smirnoff a ɗayan; ya bar musu hoto guda, ya tafi da guda ya nuna a mashaya ta gaba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 bodka ta zama barasar da aka fi saya a Amurka.

Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya ta amince da shi mililita 45 ne na bodka, 120 na jinja biya, 10 na ruwan lemon tsami. Kofin jan ƙarfen ado ne da riƙe sanyi, amma yana da illa: tsami yana narka ƙarfen ya shiga abin sha. A 2017 hukumar kula da barasa ta jihar Iowa ta gargaɗi mashaya a kan haka, kuma yawancin kofunan yanzu ana shafe cikinsu da wani ƙarfen.

Reshe mafi sabunta shi ne na kaka, mai ƙamshin kabewa. Amurkawa sun daɗe suna gasa wata wainar kabewa mai zaƙi a bikin godiya na watan Nuwamba, kuma girkinta yana cikin littafin Amelia Simmons na 1796. Kayan ƙamshinta kirfa ne da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. A 1934 kamfanin McCormick ya haɗa su a gwangwani ɗaya. Gaurayen ya zauna a kicin har 2003, lokacin da Starbucks ya sa shi a kofi mai madara ya riƙa sayarwa da kaka kaɗai. Abin ya karɓu ƙwarai, ko da yake sai a 2015 aka fara sa ainihin kabewa a ciki. Daga nan ƙamshin ya bazu zuwa biskit da kyandir da giya, ya iso ga alfadarin Mosko: a dama cokali ɗaya ko biyu na niƙaƙƙiyar kabewa da ruwan sukari mai kayan ƙamshi, a kaɗa da bodka da lemon tsami, a tace a kan ƙanƙara, a cika da jinja biya, a tsoma sandar kirfa. Haɗin ya dace ne saboda citta tana ɓangarorin biyu, kabewa kuwa kauri da launi take bayarwa fiye da ɗanɗano. Masu guje wa barasa sukan cire bodkar su sa ruwan tuffa.

Afirka ta Yamma tana da nata lemon citta da lamurje, waɗanda ake sha ɗanye ba a tsima ba, kuma ba daga Ingila suka samo asali ba. Alaƙarta da jinja biya ta gona ce: Nijeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, mafi yawa daga Kachia da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna, kuma ana neman cittarta a waje saboda yajinta da yawan manta. Jinja biya na kwalba a yau iri biyu ne. Mafi yawansa ba shi da barasa, ko kuma bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wani kuwa, irin Crabbie's na Birtaniya, yana da barasa, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalbar.